Shekarar da Aka Maido Mana Goron Gayya

Bana ruwa ya yi jinkiri, sai da mutane suka fara duban gabas suna yin shiru sannan ya sauka. A cikin kwanakin jiran nan ne jikana Abba ya kawo mini wata takarda daga wurin masu koya musu ƙwallo a Kankia, wai sai wani babba a gida ya sa hannu. Ubansa yana Kaduna wurin aiki, don haka abin ya faɗo kaina. Na ɗauko tabarau na duba. Dokoki ne aka jero wa iyaye: kada a zagi alƙalin wasa, kada a shiga fili, kada a yi wa ɗan wani tsawa. Can ƙasa kuma ga na yara, har da cewa kada yaro ya faɗi da gangan don a ba su bugu. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Abba ya tsaya yana kallona, ya zaci rubutun ne ya gagare ni. Ni kuwa gidanmu na tuna, da wata damina da ni da mahaifina muka karya dokokin nan a yammaci ɗaya, tun ba a rubuta su ba.

Shekarar da aka daina kashe fam da sule aka koma naira ce. Rediyon mai shayin Kusada kullum ba ta da zance sai arzikin man fetur. Mu dai abin da muka gani na arzikin shi ne manyan motocin siminti da ke wucewa ta Yashe, da samarin da ke binsu ba su dawowa. Yayyena biyu sun bi, ɗaya ya tsaya Kano, ɗaya ya zarce Legas. Suka bar Baba da gonar da a da mutum huɗu ke nomawa, da ni ɗan aji shida, da Inna, da ƙannena mata uku.

Damina biyu a jere ta yi mana rowa kafin wannan. Bazarar da ta biyo baya kuwa ban taɓa ganin irinta ba. Da hantsi ƙasa takan yi zafin da sai ka riƙa tsalle daga inuwa zuwa inuwa. Da asuba muke zuwa rijiya, a zura guga a jira, ya fito da rabin ruwa rabin laka, a zuba a randa sai ya kwanta a sha. Baba ya yi binne, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa ya tarar da irin, aka yi yayyafi ɗaya tsiro ya leƙo, rana ta ƙone shi. Ya sake, ta sake ƙonewa. Shuka ta uku ce ta kama, kuma da ita irin gidanmu ya ƙare.

Girki sau ɗaya ake yi, da magariba. Da rana sai abin da ƙannena suka tsinko a bakin gona, tafasa ko yaɗiya ko gasaya, Inna ta dafa ta matse ta barbaɗa ɗan ƙuli. Har yau in na ji warin dafaffiyar tafasa sai cikina ya yi ƙugi, ko da na ƙoshi. Yunwa irin wannan ba ta ihu. Takan sa ka yi hamma a aji, ka ga allo yana nisa, ka riƙa jin haushin kowa ba dalili. Gida uku a layinmu sun toshe ƙofa da ƙaya sun tafi. Wata rana muna cin tuwo Baba ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, in shukar nan ba ta yi ba mu ma Kano za mu nufa. Na san abin da wannan ke nufi gare ni. Makaranta ta ƙare ke nan, saura wata kaɗan in zana jarrabawar shiga sakandare.

Da gero ya kai gwiwa, ciyawa ma ta kai. Noman farko mun lallaɓa mun yi ni da Baba, amma maimai ya fi ƙarfinmu, kuma in ba a yi shi a kan lokaci ba harkiya za ta shanye ɗan ruwan da ke ƙasa. Babu mafita sai gayya. Samarin garinmu sun watse, amma akwai wani ƙauye ta ɓangaren Kankia, gonakinsu na iyaka da tamu, su suna da fadama don haka nasu ba su tafi ba. Shugaban manomansu shi ne Sarkin Noma Tukur, mutum mai kaifi ɗaya, marar yawan magana. Yadda ake yi, mai neman gayya zai aika da ƙunshin goro. In an karɓa an raba wa samari, alkawari ya ɗauru. Baba ya aika, aka karɓa, aka ce za a raba ranar Juma'a bayan masallaci, gayya kuma Asabar.

Wanda ya kira gayya shi ke ciyarwa, kuma ba a ciyar da masu noma da ganye. Ranar Laraba Baba ya shiga rumbu ya miƙo damman gero uku, ya fito yana karkaɗe hannu. Ban tambaya ba, amma na leƙa bayan ya tafi, na ga ƙasan rumbun fes. Inna ta tsaya a kan damman nan ta daɗe, sannan ta aika a kira maƙwabta su taya ta sussuka. Duk abin da ya rage mana a duniya aka zuba a turmi, don a dama furar mutum talatin da wani abu.

A cikin wannan hali muke buga ƙwallo, kuma kada wanda ya tambaye ni da wane ƙarfi. Malam Lawal ne ya kawo mana ita, wani siririn malami da ya fito daga kwalejin horon malamai da ƙwallon fata mai igiya a baki, wadda in ta jiƙe ka sa mata kai sai ka ga taurari. Da toka muke ja layi, da itacen dogon yaro muka kafa gola, ƙafa kuwa ba takalmi. Malam yana da dokokinsa da yake maimaitawa har muka haddace: usur ya fi bakinka, baƙi ne ke fara shan ruwa, wanda ya ka da wani shi zai ba shi hannu ya tashe shi. Iyaye bai yi musu doka ba, don bai taɓa tsammanin za su zo ba.

Ranar Alhamis ɗin makon gayyar aka sa mana wasa da makarantar ƙauyen su Sarkin Noma, a filinmu, bayan la'asar. Ni ne ɗan gaba, kuma ina ji da kaina fiye da yadda ya kamata. Na yi ta naci sai Baba ya zo ya gan ni. To, Baba tsohon ɗan kokawa ne. Daga Mawashi har Rimaye an san shi da Idi Gagare, kuma abin da yake tinƙaho da shi a rayuwa guda ne, cewa bayansa bai taɓa taɓa ƙasa a fage ba. Ƙwallo kuwa bai taɓa tsayawa ya kalla ba, yakan ce wasan yara ne masu bin ƙwarya da gudu. Ya zo ne kawai don in bar shi ya huta. Ya sami gindin bishiya ya tsaya, ya harɗe hannuwa, yana kallon filin kamar yadda ya saba kallon fage.

Akwai wata dabara da na koyo a Kankia, wata rana da aka aike ni kasuwa na laɓe kallon manyan ɗalibai. Na ga ɗaya an ɗan taɓa shi ya zube yana birgima, aka ba su fanareti, ya tashi garau ya buga. Abin ya burge ni ƙwarai, na adana shi a raina ina jiran rana. Ana ɗaya da ɗaya, rana ta yi ja, na samu ƙwallo na nufi gola. Ɗan bayansu, wani yaro mai suna Garba, ya biyo ni, kafaɗarsa ta gogi tawa, gugar da ko kaza ba za ta ka da ba. Na saki jiki na faɗi rigingine, na kama ƙwauri, na kurma ihu har da kiran Inna. Alƙalin wasa, wani malamin asibiti da aka gayyato daga Kankia, ya busa usur. Garba ya duƙo kaina yana miƙo hannu.

Abin da Baba ya gani daban ne. Ya ga an kai ɗansa ƙasa, baya a turɓaya, a gaban jama'a, ga wanda ya yi kayen ya tsaya a kansa, ga wasu suna dariya. A fage ba a yin haka a wuce lafiya. Ban ga lokacin da ya tsallake layin toka ba. Na dai ga ƙafafun Garba sun bar ƙasa. Baba ya shaƙo wuyan rigarsa ya ɗaga shi, rigar ta yage har ƙugu, ya tura shi ya faɗi zaune. Sannan ya juya ga jama'a ya daki ƙirji.

"Ina uban yaron ga? In namiji ne shi hito!"

Uban yaron yana nan. Baba bai san Garba ba, don yara kan canja a ido, amma ni na san ko ɗan wane ne. Sarkin Noma Tukur ya fito daga cikin mutane a hankali. Bai dubi Baba ba. Ya cire mayafin da ke kafaɗarsa ya lulluɓe ɗansa, ya kama hannunsa suka bi hanya, mutanen ƙauyensu suka bi bayansu ɗaya bayan ɗaya, har da 'yan wasan. Ba a buga fanaretin ba. Filin ya watse, aka bar Malam Lawal riƙe da ƙwallo a hammata.

Ni kuwa tunda na fara ƙarya dole in ci gaba da ita. Na tashi ina ɗingishi, Baba ya saɓa ni a kafaɗa har gida. Ya lalube ƙafar da yatsunsa bai ji kumburi ba, ya ce targaɗen ciki ne, irinsa ya fi muni. Ya daka ganye ya shafa mini, ya ɗaure da tsumma. Da wani dattijo ya zo ya gaya masa ko wane ne ya ƙalubalanta, sai ya ce ko ɗan wa ye, wanda ya karya masa ɗa ba zai tsaya kallo ba. Ya ƙara da cewa maganar yara daban, maganar gona daban, manya ba su haɗa su.

Ranar Juma'a da yamma ƙanen Sarkin Noma ya zo a kan keke. Ya yi sallama, aka gaisa har da tambayar iyali da ruwa, sannan ya ajiye ƙunshi a kan tabarma ya ce an ce a kawo wa Baba ajiyarsa. Goron ne, a cikin ganyen da aka kai shi, ko igiyar ba a kwance ba. A lokacin Inna ta riga ta gama kirɓi, an mulmula fura an jera a ƙore an rufe da faifai, gidan duk ƙamshin citta da kanumfari. Ta fito ta ga ƙunshin, ta juya ta koma ɗaki. Na fi son a ce ta yi faɗa.

Baba bai yarda ba. Ya ce fushi ne, kafin gari ya waye zai huce, samari ba za su ƙi fura a shekara irin wannan ba. Asabar da sassafe aka kwashi ƙore aka kai gindin tsamiyar da ke tsakiyar gona. Dije, Bafillatanar rugar bayan gonarmu, ta kawo nonon da ta yi kwana biyu tana tarawa, ga shanun nata duk haƙarƙari a waje. Muka zauna muna kasa kunne ko za mu ji gangar noma. Hantsi ya yi, rana ta take, inuwar tsamiya ta tattare. Tsofaffi uku ne suka zo daga unguwarmu, suka yi kunya bibbiyu suka zauna suna haki. Dije ta dubi ƙoren, ta dubi Baba, ta ce ita dai a rugarsu in maruƙa suka yi karo ba a ganin bijimi ya shiga. Ba wanda ya yi dariya, ita ma ba don dariya ta faɗa ba.

Fura ba ta jiran kowa a zafi. Kafin la'asar ta fara tsami. Inna ta ce gara ta shiga cikin mutane da ta shiga juji, ta raba wa gidajen unguwa, yaran layinmu suka sha suka ƙoshi a karon farko cikin watanni, suna ta sa mana albarka ba su san abin da suke sha ba. Mu ma muka sha ta kwana biyu, tana ƙara tsami, har ta kai sai ka rufe ido ka haɗiye. Daga nan sai ganye.

Lahadi kuwa sai ga ruwa, irin wanda muka yi shekara biyu muna roƙo. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, iska ta kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, aka zuba shi har kwatami ya cika, kwaɗi suka fara kuka. Kowa murna, mu ma mun yi, amma ruwan da ya shayar da gero shi ya shayar da ciyawa. Cikin kwana biyu gonarmu ta yi kore shar, in ka tsaya daga nesa ba ka bambance shuka da harkiya. Baba yakan fita da hauya shi kaɗai. Ni ya hana ni taɓa aiki, wai kada ƙafar ta zame mini lahani. Sai ya zaunar da ni a gindin tsamiya da butar ruwa, in yi ta kallon bayansa yana duƙe, gonar kuma ba ta ko nuna an taɓa ta.

Litinin bayan an tashi makaranta Malam Lawal ya biyo mu gona. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya yi masa bayani da ladabi cewa a ƙwallo faɗuwa ba kaye ba ce, ana faɗuwa sau goma a tashi, kuma alƙali ya riga ya hukunta, abin da ya rage ga iyaye kallo ne. Baba ya saurara yana dogare da hauya, ya ce ya ji, amma shi a iya saninsa ba wasan da ake karya yaro a ce a yi kallo. Malam bai ja ba. Da zai tafi ya tsaya a kaina, ya dubi tsumman da ke ƙafata, ya rage murya.

"Hamisu, ina kusa da ku lokacin, na ga komai. Ba ni zan gaya mishi ba."

Na kwana da maganar nan, na tashi da ita. Na ji kunya, na ji tsoro, kuma gaskiya tsoron ya fi yawa, don na san hannun Baba.

Talata da azahar, rana ta dawo bayan ruwa, irin zafin nan mai tururi da ke tasowa daga ƙasa. Baba bai sa komai a cikinsa ba tun daren jiya sai ruwa. Ina kallonsa ya ɗago daga kunya, ya yi tangaɗi, ya dafa hauya, sai ya durƙushe a kan gwiwa ɗaya. Ban san lokacin da na ɗauki buta na zabura ba. Na tsallake kunya ta fi ashirin a guje, tsumman ya warware ya faɗi a hanya. Ya karɓi butar ya sha, ya zuba saura a ka, sannan ya dubi ƙafata. Ya daɗe yana dubanta.

Na faɗa masa duka, har inda na koyo dabarar. Ya bar ni na gama.

"Yaron ya taɓa ka?"

"Kafaɗa kawai, Baba."

"Da ya duƙa bisa kanka, mi yake yi?"

"Hannu yake ba ni in tashi. Haka Malam ya ce a riƙa yi."

Na tsaya ina jiran mari, bai zo ba. Ya miƙa mini hauyarsa ya ce in ƙarasa kunyar, shi kuma ya tafi gindin tsamiya ya zauna ya juya mini baya. Duka da yawa na sha a hannunsa kafin nan da bayan nan, duk na manta su, wannan da bai yi ba ne na kasa mantawa.

Laraba bayan sallar asuba ya tashe ni, ya ɗauki hauya ya ba ni ɗaya. Muka wuce gonarmu ba mu tsaya ba, muka tsallaka iyaka, sai gonar Sarkin Noma. Baba ya kama kunya ta farko ya fara noma, ni ma na kama ta kusa. Mutum ne da bai iya cewa a yi haƙuri ba, bakinsa bai saba ba, don haka ya zo ya faɗa da hauya. Masu wucewa suka riƙa tsayawa. Idi Gagare yana noma gonar wani, tasa kuwa ciyawa na cinye ta, ai abin kallo ne. Kafin hantsi labari ya kai gidan Sarkin Noma.

Sarkin Noma ya zo ya tsaya a bakin gona, ya bari muka kai ƙarshen kunya. Suka gaisa, ya yi mana sannu da aiki kamar kullum haka muke zuwa. Sannan ya ce,

"Malam Idi, gonar ga ba ka yi mata laihi ba. Ni ma ba ni ka ɗaga sama ba."

Ya aika aka kira Garba. Ashe tun ranar bai koma makaranta ba, don rigar nan ita kaɗai gare shi, ga kuma yara suna yi masa waƙa. Ya zo da ɗan bante da tsohuwar singileti, ya ga Baba ya ja da baya. A wurinmu babba ba ya ba yaro haƙuri. In ya cuce shi iyaka ya ba shi ɗan abu a hannu, ko ya kira shi ya aike shi, a gane an shirya. Sai Baba ya ajiye hauya, ya tako, ya tsuguna a gaban yaro ɗan shekara goma sha biyu har kansu ya zo daidai, ga mutane tsaye sun fi goma.

"Garba, na cuce ka. Hannu ka miƙa ma ɗana, ni kuma na kunyata ka gaban jama'a, ba ka yi komi ba. Ka yahe mani."

Yaron ya rasa inda zai sa kansa. Ya dubi ubansa, uban ya kau da kai, wato maganarka ce. Shi ma sai ya tsuguna, ya ce ba komai Baba, ya yafe. Baba ya juyo ya dube ni, ban jira an ce ba. Na faɗi abin da na yi a gaban kowa, kunnuwana kamar za su kama da wuta. Garba ya share hanci ya ce ai shi ya sani tun a fili, amma dai na iya faɗuwa. A nan ne aka yi dariya, har Sarkin Noma ya murmusa.

Baba ya roƙi a ba shi rigar. Da kansa ya ɗinke ta a gida da allurar ɗinkin buhu, ɗinki mai muni, manya-manyan tsalle kamar sawun kaza, kuma da ita Garba ya gama firamare. Maganar gayya kuwa ko da wasa bai tayar ba. Da Inna ta tambaye shi, ya ce ba roƙon noma ya kai shi ba, kuma ko sun ce za su zo da me za a tarbe su. Malam Lawal shi ma ya yi nasa hukuncin, ya ce in an sake wasan ba zan buga ba, aikina in ɗauko tulu in shayar da baƙi. Ban yi musu ba. Alhamis da Juma'a muka yi ta fama da ciyawa ni da Baba, muna cin kunya kaɗan-kaɗan, kowa ya san lissafin ba zai fita ba amma ba mai faɗa. Inna ta fara ware tukwanen da za a iya ɗauka a ka.

Asabar da sassafe muna fara aiki na ji wani abu daga yamma, na ɗauka jinina ne ke bugawa a kunne. Baba ya ɗago. Gangar noma ce. Suka ɓullo ta kan iyaka a jere, hauya a kafaɗa, makaɗi a gaba, Sarkin Noma a baya. Ba su tsaya dogon gaisuwa ba, kowa ya kama kunya, makaɗi ya bi bayansu yana zuga su da sunayen kakanninsu. Ƙasa mai laima tana juyawa baƙa, ƙamshinta na tashi, ciyawa na kwanciya, gero na fitowa fili layi-layi yana kaɗawa. Abin da muka yi mako muna yi suka shafe kafin rana ta ɗaga.

Ni aka tura in gaya wa Inna. Maimakon murna sai ta dafe kai, don babu ko ƙwayar hatsi a gidan. Ta kwashi ƙannena suka bazama tsinkar tafasa, ta dafa, ta daka ɗan ƙulin da ya rage, ta haɗa kwaɗo kwano ɗaya. Da azahar ta ɗauko shi da kanta, ta ajiye a gindin tsamiya, ta koma gefe ta durƙusa ta ja mayafi ta rufe fuska. Kwano ɗaya na ganye, ga ƙarti sama da talatin sun jiƙe da gumi. Baba ya miƙe ya fara magana, yana cewa su yi haƙuri da abin da ya samu. Sarkin Noma ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, ya juya wajen Inna.

"Uwar gida, ki daina ɓoye huska. Hurar gayyar ga tun wancan sati kika dama ta, mu ne ba mu zo mun sha ba."

Ya yi bismilla ya ɗebi loma ɗaya, ya tura kwanon gaba. Haka ya zagaya, kowa loma ɗaya, ana santi ana cewa gishiri ya ji. Da kwanon ya iso wurin Baba sai ya miƙa wa na kusa da shi, ya ɗauki hauya ya koma kunya, don kada kwanon ya kasa.

Kafin la'asar suka kai ƙarshen gona. Geron da muka girbe bai cika rumbu ba, amma ya kai mu wata damina, Inna kuma ta mai da tukwanenta inda suke.